Tsohon kenel, sabuwar GCC: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da samarin da ke gyaran waya a Banex, nan Wuse 2, suka gano ina taɓa harkar Linux, kusan kullum sai wani ya turo min hoton allo cike da jan rubutu, wai ya zo gina kenel, wato zuciyar Linux da Android ke gudu a kai, GCC ta ƙi. Tambayoyin nan ba sa sauyawa. Ga su nan, kowa ya ɗauki tasa.

Yaya, jiya kenel ya ginu lafiya, yau na sabunta Ubuntu ya ƙi. GCC ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Kenel ɗinka ne ya tsufa, ita kuma ta daina kawar da kai daga kurakuran da ta saba haɗiyewa.

Mece ce kwamfaila ma?

Ita ke juya rubutun yaren C, wanda aka rubuta kenel da shi, zuwa abin da na'ura ke ganewa; wannan aikin ne ake kira ginawa, kuma GCC kwamfaila ce. In sai yau kake jin haka, ajiye wayar mutane tukuna.

Kurakurai sun fi ɗari. Wanne zan turo?

Na farko, don Allah. Sauran 'ya'yansa ne. Sake ginawa da make -j1 V=1, ka ga inda ya fara tsayawa. Hoton layin ƙarshe ba ya gaya min komai, kuma data ba kyauta ba ce.

Yana cewa babu fayil mai suna compiler-gcc5.h.

Kafin siga ta 4.2, kenel yana neman fayil daban ga kowace babbar sigar GCC. GCC 5 ta fito a 2015, naka ya riga ta. Kwafi compiler-gcc4.h ka ba shi sunan da ake nema. Yawanci yana wucewa.

Malam, na ci karo da "multiple definition of yylloc". In sa -fcommon kawai, ko in gyara, ko in koma tsohuwar GCC?

To, wannan tambaya ce. Amsarta ta danganta da abin da za ka yi da kenel ɗin.

Ga asalin matsalar. A 2020 GCC 10 ta daina haɗe sunan da aka ayyana sau biyu a fayiloli daban, abin da a da take yi shiru. A cikin scripts/dtc, wajen wata ƙaramar manhaja mai suna dtc da ake amfani da ita yayin gina kenel, an ayyana yylloc a wuri biyu. Gyaran layi ɗaya ne: ka buɗe dtc-lexer.l ka goge layin YYLTYPE yylloc. Amma kula, a tsofaffin kenel ba wannan fayil ake ginawa da shi ba, akwai wani a gefensa da sunansa ya ƙare da _shipped. Ni kaina na taɓa ɓata yini guda ina gyara na farkon, kuskuren na dawowa, ga wuta an ɗauke, batirin kwamfuta na ja.

Sa -fcommon, wanda ke mayar da GCC tsohon halinta, ma yana aiki, sai dai a san inda za a sa. Wannan dtc a kan kwamfutarka yake gudu, ba a cikin waya ba, don haka HOSTCFLAGS, wurin umarnin gina abin da ke gudu a kwamfutarka, shi ne nasa. Wanda ya zuba shi a KCFLAGS, na kenel ɗin kansa, ya zuba ruwa a kwando. Kuma a tsofaffin kenel, in ka rubuta HOSTCFLAGS a layin umarni yana iya share wanda ke cikin Makefile gaba ɗaya, gara ka ƙara shi can ciki.

Komawa tsohuwar GCC kuwa ba abin kunya ba ne. Kenel ɗin wayoyin Android da yawa, irin su 3.10 da 3.18, da GCC 4.9 ta Google aka gina su, da ita aka gwada su. In wayar kwastoma ce kuma so kake ta tashi gobe, sauko da ita ka nuna wa CROSS_COMPILE, wurin da ake zaɓar kwamfailar da za a yi gini da ita, inda take. A kernel.org ma akwai kwamfailoli na sigogi daban-daban a shirye. Ba sai ka cire ta kwamfutarka ba, suna zama tare.

In kuwa kenel ne da za ka riƙe shekaru, nemo faci, wato gyaran rubutu da masu kula da Linux suka yi wa wannan kuskuren, ka ɗauko. Kusan duk abin da ka ci karo da shi wani ya riga ka. Sai dai faci ɗaya yakan jawo na biyu, kuma kenel na kamfanin waya an yi masa ɗinki da yawa, ba lallai facin ya zauna daidai ba. Ni dai in faci ya kai biyar ban ga ƙarshe ba, komawa tsohuwar nake yi.

In kashe -Werror?

Kashe mana, ba wanda zai kama ka; shi ke mayar da gargaɗi kuskuren da ke tsayar da gini. Tun 5.15 akwai CONFIG_WERROR, a nan ake kashewa. Amma ka karanta gargaɗin kafin ka rufe masa baki, wani lokacin gaskiya yake faɗa.

GCC 15 na kuka da kalmar false.

Ta 2025 ke nan. Ta koma ƙa'idar C23, inda bool da true da false suka zama kalmomin yaren, kenel kuwa ya daɗe da ayyana nasa. Akwai sassan da ba a ɗaure su da -std=gnu11 ba. Ɗauko facin, ko ka hau sabuwar siga ta layin da kake kai.

Alhamdu lillahi, ya ginu! Shi ke nan ko?

Ina! Lokacin da GCC 10 ta fito, akwai kenel na x86 da ya ginu ba gargaɗi ko ɗaya, amma yana tashi sai ya faɗi a start_secondary yana cewa an ɓata masa ma'ajiya. Gwada a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon na'ura a cikin kwamfutarka, in zai yiwu. In waya ce, ajiye ainihin boot.img, fayil ɗin da ke ɗauke da kenel ɗin wayar, a wuri biyu kafin ka taɓa komai. Kuma duk abin da zai shiga cikin kenel ɗin, gina shi da kwamfaila ɗaya.

Yaya, in kawo maka wayar Kubwa ranar Asabar?

A'a. Turo layin farko.