Waiwaye: Yadda ƙuri'ar babban taron jam'iyyar Labour ta zama shawara kawai

Duk shekara wajen tsakiyar Satumba, majalisar dokokin Birtaniya kan tafi hutu domin jam'iyyu su yi manyan tarukansu. Tun da Labour ta koma mulki a watan Yulin 2024, taronta ne aka fi zuba wa ido, kuma muhawarar ɗaya ce: shin jam'iyyar ma'aikata ce har yanzu, ko ta zama jam'iyyar tsuke bakin aljihu? A taron Liverpool na 2024 wakilai sun amince da ƙudurin da ke neman a dawo wa tsofaffi kuɗin ɗumama gida na lokacin sanyi, fam 200 zuwa 300 a shekara, wanda aka janye wa kusan mutum miliyan 10. An ɗage ƙuri'ar zuwa safiyar Laraba, ranar rufe taro, wakilai suka ɗaga hannu, ƙuduri ya wuce, washegari kuma manufar gwamnati tana nan yadda take. Mutane da dama sun ɗauki wannan a matsayin sabon abu. Ba sabo ba ne, kuma ba daga halin mutum ɗaya ya samo asali ba.

Ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan gurguzu ne suka kafa jam'iyyar a 1900, saboda haka tun ranar farko akwai tambayar wa ke da ta cewa: 'yan majalisa ko waɗanda suka turo su. A 1907 aka yi sulhu cewa ƙudurin taro ra'ayin jam'iyya ne, amma lokaci da hanyar aiwatarwa na hannun 'yan majalisa. A 1918 aka rubuta sashe na huɗu na tsarin mulkin jam'iyya, mai neman a mayar da masana'antu mallakar jama'a. A 1960 taron Scarborough ya zaɓi a yi watsi da makaman nukiliya duk da adawar shugaba Hugh Gaitskell, shekara na zagayowa taron ya sauya matsayi. A 1981 jiga-jigai huɗu suka ɓalle suka kafa sabuwar jam'iyya mai suna SDP, a 1983 Labour ta sha mummunan kaye da kujeru 209 kacal. A 1995 aka sake rubuta sashe na huɗu a zamanin Tony Blair. Waɗannan su ne labaran da ake maimaitawa kowace kaka, kuma duk wanda ya tsaya a kansu zai zaci rigimar ta aƙida ce zalla, 'yan hagu da 'yan tsakiya.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne gyaran da aka yi a taron Brighton na 1997, watanni biyar bayan jam'iyyar ta lashe kujeru 418. A nan wakilai suka amince da takardar da ake kira Partnership in Power, wadda ta sauya yadda ake ƙera manufa daga tushe. Hankalin 'yan jarida a makon yana kan bikin nasara, shi ya sa gyaran ya wuce ba hayaniya sosai.

Kafin wannan lokaci, kowane reshen mazaɓa da kowace ƙungiyar ƙwadago na da ikon aiko ƙuduri a kan duk abin da ta ga dama. Ɗaruruwa ake tarawa, a haɗe masu kama da juna, a kwashe kwanaki ana fafatawa a gaban kyamarar talabijin. Waɗanda suka ga shekarun 1970, lokacin da taro ke yi wa gwamnatin Labour bore a bainar jama'a, sannan suka ɗanɗana shekara 18 a adawa, ba su son a koma gidan jiya. Damuwarsu ta gaskiya ce. Kuma tsohon tsarin yana da nasa aibin: har zuwa 1993 kusan kashi 90 cikin 100 na ƙuri'un taro na hannun ƙungiyoyin ƙwadago, ta yadda shugabannin manyan ƙungiyoyi ƙalilan kan yanke hukunci da kati ɗaya ɗaya. An rage kason zuwa 70, daga baya zuwa 50, rabi da rabi da rassan mazaɓu.

Sabon tsarin ya kwashe aikin daga zauren taro ya miƙa wa Majalisar Tsara Manufofi ta jam'iyya, mai mambobi kimanin 200 daga rassa, ƙungiyoyin ƙwadago, kansiloli, 'yan majalisa, ministoci da wakilan Scotland da Wales. A ƙarƙashinta akwai ƙananan kwamitoci, kowanne da fanninsa, kamar lafiya, tattalin arziki da ilimi. Su ke karɓar shawarwarin mambobi, su rubuta daftari, a yi ta gyara shi tsawon shekaru. A samanta kuma akwai kwamitin haɗin gwiwa na gwamnati da jam'iyya. Zaman majalisar a rufe ake yi, ba 'yan jarida, domin minista da ɗan jam'iyya su yi magana ba tare da tsoron kanun labarai ba. A takarda, wannan ya fi minti uku da ake bai wa wakili a kan mimbari.

Matsalar ta fito ne daga wurare uku da suka haɗu. Na farko, idan daftari ya iso babban taro, dunƙule yake zuwa: ko a karɓa duka ko a ƙi duka. Wakilin da bai yarda da sakin layi ɗaya a kan fansho ba, ba zai kayar da takarda mai shafuka barkatai da ke ɗauke da abubuwa ashirin da yake so ba. Sai a 2016 aka ba da damar mayar da wani ɓangare domin a sake dubawa, kusan shekara 20 ke nan ana tafiya a haka. Na biyu, mamba da ya zauna ya rubuta shawara ya aika wa kwamiti ba shi da hanyar sanin inda ta kwana, abin da ya sa da yawa suka daina aikawa. Na uku, an taƙaita ƙudurorin da za a kawo kai tsaye zuwa ga al'amuran da suka taso sabo, waɗanda Majalisar Tsara Manufofi ba ta riga ta tattauna ba.

Wannan na ukun ya cancanci a duba shi da kyau, domin a nan ake ci ko a faɗi kafin a fara muhawara. Ƙuduri ba ya wuce kalma 250, kuma sai kwamitin shirya taro ya tantance shi. Ranar Lahadi ta buɗe taro wakilai kan kaɗa ƙuri'ar fifiko su zaɓi batutuwan da za a tattauna, ƙungiyoyin ƙwadago da nasu, rassa da nasu. Batun da bai haye ba ya mutu sai baɗi. Wanda ya haye, sai a tara duk wakilan da suka kawo ƙuduri a kansa a ɗaki guda, tare da jami'an jam'iyya da mai magana da yawunta a fannin, a yi ta jan kalma har a fitar da rubutu ɗaya. A 2018 zaman da aka yi kan ficewa daga Tarayyar Turai ya ɗauki fiye da awa biyar da dare. Wakilin da ya zo taro karon farko, gajiya ta kama shi, kan yarda a sauya "za mu yi" zuwa "za mu duba yiwuwar", ya fita bai san ya sarayar da abin da reshensa ya aiko shi ba. Adadin batutuwan ma ya yi ta hawa da sauka: huɗu na ƙungiyoyi da huɗu na rassa daga 2003, aka daina kaɗa ƙuri'a a kansu a 2007, aka dawo da ita a 2010, aka kai goma da goma a 2018, sannan aka sake ragewa a 2021. Duk ɓangaren da ya kama ragama sai ya taɓa adadin, amma ginshiƙin 1997 bai motsa ba.

Akwai wani ƙaramin sauyi a gyaran da ya yi tasiri fiye da yadda aka zata. An hana 'yan majalisa tsayawa takarar kujerun rassa a kwamitin zartarwa na jam'iyya. A da, wannan zaɓen na shekara shekara shi ne ma'aunin da ke nuna wa manya inda zuciyar mambobi ta karkata.

Ko ƙuduri ya tsallake duk waɗannan, bai shiga takardar alkawuran zaɓe ba tukuna. Sashe na biyar na tsarin mulkin jam'iyya ya bar wannan ga wani zama na musamman da ake yi dab da zaɓe. Shi ya sa taro ya amince da mayar da jiragen ƙasa hannun gwamnati a 2004, da sauya tsarin zaɓe zuwa na rabon kujeru daidai da ƙuri'u a 2022, amma ba ko ɗaya da ya shiga alkawuran zaɓen da ya biyo baya. Ba wai ƙuri'ar ba ta da amfani sam. A 2000, bayan ƙarin kwabo 75 a mako da aka yi wa 'yan fansho ya harzuƙa jama'a, taro ya nemi a ɗaure fansho da hauhawar albashi. Ba a yi hakan ba, amma shekara mai zuwa ƙarin ya kai fam 5. Haka yarjejeniyar Warwick ta 2004 da ƙungiyoyin ƙwadago, a zaman Majalisar Tsara Manufofi aka ƙulla ta, wanda ke nuna cewa mai ƙarfin ciniki na iya samun biyan buƙata a tsarin. Mamba na gama gari ne ba shi da abin ciniki.

A ganina nan ne tushen abin da ake gani yau. An rufe wa saɓani ƙofar zauren taro, ba a buɗe masa wata da mambobi suka amince da ita ba, sai ya koma zauren majalisar dokoki, inda ya fi tsada. A Yulin 2024 jam'iyyar ta dakatar da 'yan majalisarta bakwai saboda sun goyi bayan soke ƙa'idar taƙaita tallafi ga 'ya'ya biyu. A bazarar 2025 fiye da 120 suka sa hannu a kan gyaran da ke neman dakatar da dokar rage tallafin naƙasassu, har aka cire manyan sassanta kafin ta wuce. Kuɗin ɗumama gida da taro ya nema a Satumban 2024 bai dawo ba sai a Yunin 2025, ga masu samun fam 35,000 ko ƙasa da haka a shekara, kuma bayan jam'iyyar ta sha kashi a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayu, ta kuma rasa kujerar majalisar dokoki ta mazaɓar Runcorn da ratar ƙuri'a shida.