Awon albarushi a bindigar ɗuri

Awon albarushi shi ne ƙayyade yawan garin da ake zubawa cikin bindigar da ake ɗurawa ta baki, domin kowane harbi ya fita da ƙarfi irin na wanda ya gabace shi. Harsashin bindigar zamani a haɗe yake zuwa daga masana'anta, amma a bindigar ɗuri maharbi ne ke haɗa albarushi da ƙyalle da dalma da hannunsa, saboda haka duk saɓanin da ya shiga awo zai bayyana a inda dalmar ta sauka.

Ma'aunin da aka saba da shi a Amurka da Ingila shi ne giren, wanda nauyinsa miligiram 64.8 ne, kuma giren 7,000 ke yin laba ɗaya. Sai dai a nan ne ruɗani ke yawan shiga, domin ko da yake giren sunan nauyi ne, yawancin maharba da cika suke awo, ba da sikeli ba. Abin awon ɗan bututu ne na tagulla mai zane-zane a jiki, kuma an zaɓi tagulla ne saboda ba ta tartsatsi. Duk wanda ya taɓa sayen gero a mudu ya san cewa mudun da aka girgiza ya fi wanda aka zuba sakaka ɗaukar hatsi, to haka albarushi yake. Wanda ya ƙwanƙwasa bututun sau uku a harbin farko, sannan ya manta a na biyu, ya ɗura awo biyu mabambanta alhali zanen da ya duba ɗaya ne. Shi ya sa ƙwararru ke riƙe tsari guda ba sa sauyawa, wato a cika har ya yi tudu, a ƙwanƙwasa adadin da aka saba, a shafe bakin. Wannan ɗabi'ar hannu ta fi lambar da ke jikin bututun muhimmanci.

Girman ƙwayar garin ma yana da tasiri. Ana rarraba baƙin albarushi daga Fg, mai manyan ƙwayoyi, zuwa FFFFg, mai laushi, wanda ake sa wa a ɗan kaskon kunna bindigar ƙanƙara, wato mai tashi da tartsatsin dutse. FFg ya fi dacewa da bindiga mai faɗin baki rabin inci ko fiye, FFFg kuwa da ƙanana. Ƙaramar ƙwaya ta fi saurin cin wuta, don haka awo ɗaya na iri biyu ba ya ba da ƙarfi ɗaya. Laima kuma tana rage masa kuzari.

Tun tsakiyar shekarun 1970 aka samu garin da ke maye gurbin baƙin albarushi, irin su Pyrodex na kamfanin Hodgdon. An tsara shi ne a auna da cika daidai da baƙin albarushi, amma bai kai shi nauyi ba, saboda haka wanda ya auna shi a sikeli da lambar baƙin albarushi zai zuba fiye da kima. Albarushin zamani marar hayaƙi kuwa ba a kusantar da shi ga bindigar da aka ƙera don baƙin gari, domin yana iya tarwatsa ta.

Neman awo daidai tsohon abu ne. Sojojin Turai na ƙarni na 17 suna rataya ɗamara mai ƴan gorunan katako, galibi goma sha biyu, kowanne da awon harbi ɗaya. Daga baya aka koma naɗe gari da dalma a takarda, kuma a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 awon bindigar Springfield giren 60 ne. A yau masu gasar harbi, kamar ƴan NMLRA, ƙungiyar maharban bindigar ɗuri ta Amurka da aka kafa a 1933, wadda ke taruwa a garin Friendship na jihar Indiyana, da yawansu a gida suke auna kowane harbi su adana a ƙananan kwalabe masu murfi. Mafarauta da ƴan bindigar hawan salla a ƙasar Hausa, masu riƙe da bindigar toka, wannan matsala ce dai a gabansu, kuma awon tafin hannu ko na ido ba abin dogaro ba ne.

Ba a zuba gari kai tsaye daga ƙaho ko gora zuwa cikin bindiga, domin idan ragowar wuta ta maƙale daga harbin baya, gorar ce gaba ɗaya za ta fashe a hannun maharbi. Dole ne kuma dalma ta zauna daram a kan garin, saboda sarari tsakaninsu na iya kumbura bututun bindigar ko fasa shi. Don haka ake yi wa sandar ɗuri alama a daidai bakin bindiga bayan ɗuri mai kyau. Idan alamar ta tsaya sama da inda ta saba, ko dai dalmar ba ta kai ƙasa ba, ko kuwa an ɗura sau biyu, kuma ba a harbawa sai an gano wanne ne.