Binciken Tsaron Rayukan 'Yan Sama Jannatin Kumbon Columbia

Binciken tsaron rayukan 'yan sama jannatin Columbia nazari ne da hukumar NASA ta Amurka ta gudanar a kan halin da mutane bakwai suka shiga lokacin da kumbonsu ya tarwatse a sararin jihar Texas ranar 1 ga Fabrairu, 2003, saura kimanin minti 16 ya sauka a Florida. Waɗanda suka rasu su ne Rick Husband, William McCool, Michael Anderson, Kalpana Chawla, David Brown, Laurel Clark da Ilan Ramon ɗan Isra'ila.

Kwamitin farko, wanda Admiral Harold Gehman ya jagoranta, ya gano musabbabin hatsarin tun a watan Agustan 2003: wani ɓallin soson da ke lulluɓe tankin mai ya bugi fiffiken hagu kimanin daƙiƙa 82 bayan tashi ranar 16 ga Janairu, ya huda shi, sai iska mai tsananin zafi ta shiga ta narkar da shi daga ciki yayin dawowa. Rahoto na biyu, wanda ya fito ranar 30 ga Disamba, 2008, ya mai da hankali ga abin da ya faru a cikin ɗakin matuƙa. Masu binciken, ciki har da 'yar sama jannati Pamela Melroy, sun dogara da tarkacen da aka tsinto a Texas da Louisiana, da hotunan bidiyo, da binciken likitoci.

Rahoton ya zayyana abubuwa biyar waɗanda kowannensu zai iya kisa. Na farko shi ne zurarewar iskar ɗakin, wadda ta auku kimanin daƙiƙa 40 bayan kumbon ya ƙwace, kuma ta zo da saurin da ya sumar da mutanen kafin ko ɗayansu ya rufe gilashin hular kwanonsa. Mutum ɗaya bai saka hular ba, uku ba su saka safar hannu ba. Wannan ba sakaci ba ne irin na rashin kulawa, domin ba a ƙera kumbon tun asali don a zauna cikinsa da rigar kariya a rufe ba. Bayan hatsarin kumbon Challenger na 1986 aka shigo da rigunan, safar tana hana aiki da maɓallai, kuma rufe hular na dogon lokaci yana tara iskar oksijin a ɗakin har a ji tsoron gobara. Yanayin maɓallan da aka tsinto ya nuna cewa a waɗannan daƙiƙoƙi matuƙan suna ƙoƙarin farfaɗo da na'urorin sarrafa kumbon, kamar yadda aka horar da su.

Na biyu ya fi tayar da hankali ta fuskar ƙira. Lokacin da ɗakin ya shiga jujjuyawa, ɗamarar kafaɗa ba ta kulle ba, hulunan kuma ba su kama kai sosai ba, saboda haka jikkunan da suka riga suka suma suka yi ta buguwa. Sauran ukun su ne rabuwa da ɗakin da kujeru, da shiga sararin da babu iskar shaƙa mai tsananin sanyi, da faɗowa ƙasa, kuma lemar sauka ba ta buɗewa sai mai ita ya ja da hannunsa.

Rahoton ya bayyana ƙarara cewa babu wata dabara ta wancan zamani da za ta ceci mutum daga tarwatsewa a nisan kusan kilomita 60 cikin irin wannan gudu. Duk da haka an bi kowace gazawa ɗaya bayan ɗaya, saboda hatsarin gaba yana iya zama wanda za a tsira daga cikinsa idan kayan kariya sun yi aiki. Daga cikin shawarwari 30 da aka bayar, mafi nauyi ita ce kayan ceton rai su riƙa aiki da kansu ko da mutum ya suma, kuma a ƙera riga da kujera da ɗaki a matsayin abu ɗaya. Tarayyar Sobiyet ta ɗauki irin wannan mataki bayan mutane uku sun rasu a kumbon Soyuz 11 a 1971 sakamakon zurarewar iska, inda ta wajabta saka rigar kariya mai suna Sokol a lokacin tashi da sauka. An yi amfani da shawarwarin na 2008 wajen tsara kujeru da riguna na kumbon Orion, wanda NASA ta ƙera don ya gaji kumbuna irin na Columbia da aka daina amfani da su a 2011.