Ɗan takara ya ce ba ya karɓar kuɗin kamfanoni: me dokar Amurka ta tanada?

A lokacin zaɓe a Amurka ba a rasa ɗan takarar majalisa mai alkawura uku a jere: zai rage wa jama'a nauyin kuɗin asibiti da magani, zai goyi bayan wutar hasken rana da ta iska, kuma ba zai karɓi kuɗin kamfanoni ba. Na ukun ya fi wuyar ganewa, kuma a ganina da shi ake auna sauran biyun, domin kamfanonin magunguna da na inshora da na man fetur suna da riba ko asara a duk dokar da majalisa za ta yi kan lafiya ko makamashi.

Wani abu da kan ba mutane mamaki shi ne, tun 1907 doka ta hana kamfani ya ɗebi kuɗi daga asusunsa ya ba ɗan takarar tarayya, kuma haramcin yana nan har gobe. To wane kuɗi ne ɗan takarar yake cewa ya ƙi? Kuɗin wani kwamiti ne da ake kira PAC. Kamfani na iya kafa irin wannan kwamiti, manyan ma'aikatansa da masu hannun jari su zuba kuɗinsu na aljihu, kwamitin kuma ya ba ɗan takara abin da bai wuce dala 5,000 ba a kowane zaɓe. Ƙin wannan kuɗi abin yabo ne, sai dai bai hana shugaban wannan kamfani ya ba da nasa da sunansa ba. Mutum ɗaya na iya ba ɗan takara har dala 3,500 a kowane zaɓe a zangon 2025 zuwa 2026, kuma zaɓen fidda gwani da babban zaɓe kowanne lissafinsa daban. Ɗan wata ƙasa ba ya da izinin bayarwa ko sisi, sai wanda yake da takardar zaman dindindin.

Waɗannan iyakoki sun samo asali ne daga dokar yaƙin neman zaɓe ta 1971, wadda aka ƙarfafa a 1974 bayan badaƙalar Watergate, abin kunyar siyasa da ya sa Shugaba Nixon ya yi murabus. Gyaran ne ya haifar da hukumar FEC mai sa ido kan kuɗin zaɓen tarayya. Kujerunta shida ne, jam'iyya ɗaya ba ta wuce uku, kuma sai da ƙuri'a huɗu ake ɗaukar muhimmin mataki. Shi ya sa sau da yawa ƙorafi kan mutu a teburinta idan aka yi kunnen doki, uku da uku.

Inda maganar ta yi zurfi shi ne Kotun Ƙoli. A 1976, a shari'ar Buckley, kotun ta raba abu biyu. Ba wa ɗan takara kuɗi a hannu, in ji ta, ana iya sa masa iyaka don gudun cin hanci. Amma kashe kuɗi don yaɗa ra'ayin siyasa yana cikin 'yancin faɗin albarkacin baki, wanda gyara na farko na tsarin mulkin ƙasar ya kare. Saboda haka attajiri na iya zuba dukiyarsa a takararsa iya son ransa. Sai ranar 21 ga Janairu, 2010, kotun ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar Citizens United ta shigar kan wani fim da ta shirya na sukar Hillary Clinton. Alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago na iya kashe kuɗi ba iyaka wajen tallata ɗan takara ko sukarsa, muddin ba su haɗa baki da shi ba. Bayan wata biyu wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta bi sawu, daga nan aka samu kwamitocin da ake kira Super PAC, waɗanda ke karɓar ko nawa ne daga mutum ko kamfani.

Sharaɗin rashin haɗa baki shi ne ginshiƙin hukuncin, kuma a nan ne nake ganin ya fi rauni. Tsohon hadimin ɗan takara na iya jagorantar kwamitin da ke yi masa talla. Ofishin kamfen na iya wallafa a shafinsa na intanet irin saƙon da yake so masu zaɓe su ji, kwamitin ya ɗauka ya mayar da shi talla ta miliyoyin daloli, ba tare da an ko ɗaga waya ba. Ga kuma ƙungiyoyin jin daɗin jama'a waɗanda doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su kuɗi ba. Idan irin wannan ƙungiya ta ba Super PAC gudummawa, sunanta kawai za a gani a rahoto, mai kuɗin yana ɓoye. Don haka ɗan takara zai iya rantsuwa bai karɓi ko sisin kamfani ba, ya kuma faɗi gaskiya, alhali ana kashe dukiya mai yawa a waje don ya ci.

Idan kuwa ya ce zai soke hukuncin na 2010, a san cewa abin ya fi ƙarfin ɗan majalisa ɗaya. Ko dai kotun ta sauya matsayinta, ko a gyara tsarin mulki, wanda ke buƙatar kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya biyu da amincewar jihohi 38 daga cikin 50. Abin da majalisa za ta iya yi da doka ta yau da kullum shi ne tilasta bayyana sunayen masu bayarwa, kuma kotun da kanta ta amince da hakan a cikin wannan hukunci. Ɗan takarar da ya yi magana kan wannan ya fi kusa da abin da zai yiwu.

Alkawarin lafiya shi ma yana da dokokin da yake tsaye a kansu. Dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010 ta hana kamfanin inshora ƙin mutum saboda tsohuwar cuta, ta kuma bar 'ya'ya a kan inshorar iyayensu har shekara 26. Wata dokar ta Agustan 2022 ta ba shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, mai kula da 'yan shekara 65 zuwa sama, ikon yin ciniki da kamfanoni kan farashin wasu magunguna, ta kuma ƙayyade kuɗin insulin, maganin ciwon sukari, ga masu shirin a dala 35 a wata. Ita ce kuma ta tsawaita tare da faɗaɗa rangwamen haraji ga wutar rana da ta iska da motoci masu lantarki. Da ƙyar ta tsallake majalisar dattawa, 51 da 50, sai da Mataimakiyar Shugaban Ƙasa ta lokacin, Kamala Harris, ta raba gardama, kuma a 2025 wata sabuwar doka ta janye rangwamen dala 7,500 na motocin lantarki. Dokar da ƙuri'a ɗaya ke iya tabbatarwa ko rushewa, dole masu kuɗi su damu da wanda zai zauna a kujerar.

Mai zaɓe ba a bar shi hannu rabbana ba. Duk wanda gudummawarsa ga ɗan takarar tarayya ta haura dala 200, sai an rubuta sunansa da sana'arsa da wurin aikinsa, kuma rahotannin suna shafin FEC kyauta ga kowa. A can za a ga ko ma'aikatan wani kamfanin magunguna ko na mai sun yi yawa a jerin, da kuma kason da ya fito daga ƙananan masu bayarwa. Kuɗin da kwamitocin waje suka kashe don goyon bayansa ko yaƙarsa yana wani sashe na daban, kuma ba ya fitowa a rahoton ɗan takarar, sai an neme shi da sunansa.