Waiwaye: Yadda Binciken Maganin Cutar Kansa Ya Zama Baƙo a Wurin Masana Fizik

Tun da manhajar AlphaFold ta nuna a 2020 cewa kwamfuta na iya hasashen siffar furotin, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na ganin ba sauran dalilin zuba maƙudan kuɗi a manyan cibiyoyin haɗaka da ake zuwa a ɗauko siffar furotin. Wasu kuma tambayarsu ita ce aljihun wa ya kamata kuɗin su fito. Wanda ya shigo zancen yau zai ɗauka ƙirƙirarriyar basira ce ta haddasa shi, alhali ya haura shekara 50 yana tsima.

Farkon labarin sananne ne. A 1912 aka gano cewa hasken eksire na tarwatsewa cikin tsari idan ya ratsa kiristal. A 1958 John Kendrew ya bi wannan hanya ya fitar da siffar furotin ta farko a Kambirij ta Ingila, shi da Max Perutz suka karɓi kyautar Nobel a 1962. A 1971 aka buɗe PDB, rumbun da masu bincike ke ajiye siffofin furotin, da siffofi 7 kacal. A wancan zamani kowane ɗakin gwaji da ƙaramin injinsa na eksire.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a Hamburg ta Jamus a 1970. Kenneth Holmes da Gerd Rosenbaum na nazarin tsokar da ƙwaro ke kaɗa fiffike da ita, kuma injin ɗakin gwaji ya gaza musu: haskensa ba shi da ƙarfin kama motsin tsoka. A cibiyar binciken fizik ta DESY kuwa akwai sinkurotiron, wani ƙaton zobe da ake gudanar da ilektiron a ciki da saurin da ya kusa na haske. Duk lokacin da ilektiron ya sha kwana sai ya zubar da haske mai tsanani. Masu injin, da ke binciken abin da ke cikin ƙwayar zarra, asara suka ɗauki wannan haske. Holmes da Rosenbaum, tare da Jean Witz, suka nemi alfarma, suka tara 'yar tsokarsu a gaban hasken da ake zubarwa, suka samu hoto. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a 1971.

A lura da sharaɗin shigarsu. Injin ba nasu ba ne, ba su ke tsara lokacin kunna shi ko ƙarfinsa ba, sai abin da gwajin masu wurin ya bari. Haka aka yi a Stanford ta Amurka, inda aka gwada kiristal na furotin a tsakiyar shekarun 1970. Daga baya an gina zobba don samar da hasken kawai, kamar na Daresbury a Ingila a farkon shekarun 1980 da na Grenoble a Faransa a 1994. Sai dai tsarin mallaka bai sauya sosai ba. A ƙasashe da dama, masu kuɗin binciken lafiya da kamfanonin magani kan biya na layin gwaji, wato inda ake tara furotin a gaban hasken, amma zoben da wutarsa da ma'aikatansa suna kan kasafin fizik da makamashi. A ganina nan gizo ke saƙar: mai cin moriya daban, mai ɗaukar nauyi daban, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Moriyar kuwa ba ƙarama ba ce. Maganin vemurafenib na kansar fata, da aka amince da shi a 2011, an sassaƙa shi ne ana duba, a hoton eksire, yadda ƙananan sinadarai ke zama a jikin furotin BRAF. Furotin KRAS ya shafe shekaru kusan 30 ana cewa magani ba ya kama shi, sai a 2013 hoton kiristal ya nuna wani ɗan rami a jikin nau'insa na G12C. A 2021 sotorasib ya fito don wata kansar huhu.

Da madubin ƙara girma na ilektiron, mai ɗaukar hoton daskararren furotin, ya bunƙasa wajen 2013, tsadarsa ta sa aka sake bin hanyar haɗaka. Cibiyar Ingila ta irin wannan madubi, da aka buɗe a 2015, a harabar sinkurotiron na Diamond aka ajiye ta.

Masu cewa kwamfuta ta wadatar sun manta cewa AlphaFold daga rumbun PDB ta yi karatu, rumbun da ya haura siffofi 200,000 a 2023, mafi yawansu na eksire ne. Hasashe kuma bai kai ga tabbatar da yadda sabon magani ya zauna a raminsa ba. Da aka rufe zoben Argonne na Amurka a Afrilun 2023 don gyaran kimanin shekara guda, dole masu bincike suka riƙa aika daskararrun kiristal ɗinsu zuwa wasu zobba, suna bin layi. Masu bincike a Afirka, nahiyar da ba ta da sinkurotiron ko guda, dama can haka suke yi.