Esin mota na hura iska mai zafi: tambayoyi da amsoshi kafin a ƙara gas

Esina ya daina sanyi. Ba gas ne kawai ya ƙare ba?

Gas ɗin esi ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba, zagayawa yake a rufe. Kwamfiresa ta matse shi, ya bi kwandansa da ke gaban lagireto ya zubar da zafinsa ya koma ruwa, bawul ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ebafureta da ke bayan dashbod, a can ya tsotse zafin iskar cikin mota, sannan ya koma kwamfiresa. In ya ragu, to akwai inda yake fita. Raguwa kaɗan bayan shekaru ta tiyo da robobi ba abin damuwa ba ne, amma motar da aka yi wa ciko a Maris ta koma hura zafi a Mayu yoyo take yi. Kuma gas ɗin tare yake tafiya da man kwamfiresa, don haka duk yoyo yana rage man. Mai yawan ciko ba tare da toshe yoyo ba, kwamfiresarsa yake kashewa a hankali.

Me zan iya dubawa da kaina kafin in je wurin mai gyara?

Ka tayar da inji, ka kai esi ƙarshen sanyi, fanka a ƙarshe, ka danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Buɗe boneti ka dubi fuskar kwamfiresa. Fulinta kullum yana juyawa da bel, wannan ba shaida ba ce. Faifan tsakiya ake kallo: ya kamata ka ji ya yi ƙas, ya kama, ya shiga juyawa tare da fulin. Fankar lagireto ma ta tashi.

Bayan minti biyar, taɓa bututun alminiyam biyu da suka ratsa bangon inji zuwa cikin mota, hannunka nesa da bel da fanka. Mai kauri ya yi sanyi har da raɓa, siririn ya yi ɗumi. In mai kauri ya yi sanyi ƙalau amma ciki zafi, matsalar tana cikin dashbod, ba ta gas ba ce. In duk biyun ɗuminsu ɗaya da waje, gas ba ya zagayawa. Lafiyayyen esi yakan fitar da iska mai digiri 5 zuwa 10 a bakin ramin tsakiya.

Faifan ba ya kamawa. Kwamfiresa ta mutu ke nan?

Da wuya. A fara da mai araha: fiyus, sai rile. Ana iya musanya rilen esi da na ham in lambarsu ɗaya, a ga ko za ta kama. Sai suwic ɗin matsi, wanda ke yanke wuta in matsin gas ya faɗi ƙasa da kamar psi 30 (psi ma'aunin matsi ne), don kada kwamfiresa ta yi aiki a bushe. Kwamfutar mota ma takan kashe esi in inji ya ɗau zafi, shi ya sa ake fara kallon allurar zafi.

In wutar bolt 12 tana isa soket ɗin kuloci, wato abin da ke sa faifan ya kama fuli, amma bai kama ba, a auna kwayil ɗinsa da mita, ya kamata ya nuna om 3 zuwa 5. A auna kuma tazarar faifan da fuli, wadda yawanci ke tsakanin milimita 0.4 da 0.8. In ta buɗe saboda cinyewa, esin zai yi aiki da safe, ya saki in inji ya yi zafi. Cire siririn zoben ƙarfe (wasa) guda a bayan faifan yakan magance wannan.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mai wayarin ya ja wa kwamfiresa wuta dairek daga batir ya bar ta a haka. Ya tsallake duk abin da ke kare ta. Wasu motocin zamani kuma ba su da wannan kuloci sam, tsakiyar kullum juyawa take, wani bawul na lantarki a jikin kwamfiresar ne ke tsara aikinta. Shi kaɗai kan lalace, kuma ana canza shi ba sai an sayi kwamfiresa ba.

Yana sanyi a kan babban titi, amma a gosulo sai zafi. Me ya sa?

Kwandansa ba ta samun iska. A guje iskar hanya ke huce ta, a tsaye kuwa fanka ce kaɗai. Ko fankar ta mutu, ko ta yi rauni, ko ƙurar hunturu da ƙwari da leda sun toshe ramukan. A gwada watsa mata ruwa esi na kunne: in sanyi ya dawo nan take, an gano. A wanke ta da tiyo mara ƙarfi, domin injin wanki mai matsi yana kwantar da siraran haƙoranta.

Me geji ke nunawa, kuma ta yaya ake karanta shi?

Geji agogo biyu ne da mai gyara ke auna matsin gas da su: shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi ne, ja na babba. Inji a kashe kuma ya huce, allurai biyun sukan daidaita, kusan psi 100 in zafin gari digiri 30 ne, kusan 130 a digiri 40, ga gas R-134a. Wannan adadin bai nuna gas ya cika ba, ko rabi ne ya rage haka zai nuna.

Esi na aiki, shuɗi ya zauna tsakanin 25 da 45, ja tsakanin 150 da 250, ya ɗan haura a tsakiyar bazara. Duk biyun ƙasa, gas ya yi kaɗan. Duk biyun sama, an cika shi fiye da kima, ko iska ta shiga, ko kwandansa ba ta hucewa. Shuɗi sama, ja ƙasa, suna neman haɗuwa, kwamfiresa ta gaji ba ta matsawa. In shuɗi ya faɗi zuwa sifili ko ƙasa da haka, toshewa ce a bawul ko draya, wato tukunyar da ke tace gas ta tsotse danshinsa. Idan kuma yana toshewa yana saki da kansa, danshi ne ke daskarewa a bakin bawul ɗin.

Ina yoyo ya fi ɓuya?

A nemi inda mai ya jiƙa ƙura ta manne: mahaɗar bututu masu zoben roba, inda aka matse tiyo da ƙarfe, gaban kwamfiresa, kusurwoyin kwandansa da tsakuwa ke duka, da ƙananan bawul na bakin ciko, waɗanda ake yawan mantawa. Gwajin da ya dace shi ne a ɗura naitirojin a bi da ruwan sabulu, ko a zuba launi mai haske a duba da fitilarsa bayan kwana biyu. Kada a taɓa gwaji da oksijin ɗin masu walda, haɗuwarsa da mai na iya fashewa. In waje ba a ga komai ba, ebafureta ce ake zargi, kuma sau da yawa launin kan fito a ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota. Wannan aikin sai an kwance dashbod, don haka a tabbatar kafin a taɓa.

Gas a cike, kwamfiresa na aiki, amma ciki ba sanyi?

In iskar ba ƙarfi, zaro filtar da ke bayan akwatin dashbod na gefen fasinja. A ƙasa mai ƙura ba ta kai shekara. In iskar da ƙarfi amma da ɗumi, ƙofar da ke haɗa iskar hita da ta sanyi ce ta maƙale, ko ɗan injin lantarkin da ke juya ta ya karye haƙora, wani lokaci har ka ji ƙas-ƙas in ka murɗa maɓalli. In kuwa yana sanyi na minti ashirin sai iska ta ragu, ta dawo bayan an kashe na ɗan lokaci, ebafureta ce ke yin ƙanƙara, a duba sanso ɗinta.

Ta yaya zan san an yi ciko daidai?

Da awo ake ciko, ba da taɓa bututu ba. Takardar da ke ƙarƙashin boneti ta rubuta irin gas da nauyinsa, yawancin ƙananan motoci gram 400 zuwa 700. Kafin nan a zuƙe iska da danshi da injin bakyum na aƙalla minti 30, a rufe, a jira minti 10 a ga allura ba ta motsa ba. Daga tsakiyar shekarun 1990 motoci suka koma R-134a daga R-12, sababbi da yawa kuma R-1234yf suke sha, bakin cikonsu ma daban ne. Ba a gauraya su. Gas R-22 na esin ɗaki matsinsa ya fi ƙarfin mota, na girki kuma wuta yake kamawa. Ka ga gwangwanin da idonka kafin a huda.

An ce sai na canza kwamfiresa. Ita kaɗai ta isa?

A juye man tsohuwar a farin kofi. In ya fito garau, a sa sabuwa da sabuwar draya da sababbin robobi, a zuba man kwamfiresa na PAG irin wanda kamfanin ya rubuta, daidai adadinsa. In ya fito baƙi da ɓarɓashin ƙarfe, dattin ya riga ya bazu. Dole a wanke bututu, a canza bawul da draya da kwandansa, domin ramukan kwandansar zamani sun yi ƙanƙanta, ba sa wankuwa. In aka bar ta, ɓarɓashin zai koma cikin sabuwar kwamfiresar ya cinye ta.