Waiwaye: Kofin Samunge da masu tsallaka iyaka neman waraka

Duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya zagaya wayoyin mutane: ga mai magani a wani ƙauye na wata ƙasa, ga layin marasa lafiya, ga wata baiwar Allah tana rantsuwa cewa da ƙafarta ta miƙe bayan shekaru a kwance. Kafin mako ya zagayo an sami masu haɗa tafiya, an faɗi kuɗin kujera. Daga nan sai musu ya kaure. Wasu su ce jahilci ne tsagwaronsa, wasu su ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah. Duka ɓangarorin biyu a kan mai maganin suke tsayawa, na gaskiya ne ko na ƙarya. Ba kasafai ake tambayar su wa ke cikin layin ba, balle abin da ya taso su daga gida. Mai son amsar wannan sai ya waiwayi abin da ya faru a ƙauyen Samunge na Tanzaniya a 2011, domin da wuya a sami inda al'amarin ya fito fili kamar can.

Samunge ƙauyen manoma ne na ƙabilar Sonjo, a yankin Loliondo cikin gundumar Ngorongoro, kusa da iyakar Kenya, makiyayan Masai sun kewaye shi. A can wani tsohon fasto na cocin Lutheran da ya yi ritaya, Ambilikile Mwasapile, ya ce an nuna masa a mafarki ya dafa saiwar wata bishiya ya shayar da marasa lafiya. Ya fara a 2010. Zuwa watan Maris na 2011 layin motoci ya haura kilomita 20, mutane na kwana da kwanaki a cikin mota kafin layi ya zo kansu. Daga Kenya, daga Yuganda, daga wasu ƙasashen na nesa, masu hali har da jirgi mai saukar ungulu. Ana kiran tsohon Babu wa Loliondo, wato Kakan Loliondo. Kuɗin kofi ɗaya na ruwan maganin shilin 500 ne, abin da bai kai rabin dalar Amurka ba. Cututtukan da aka ce kofin na kawarwa su ne ƙanjamau, ciwon suga, hawan jini, asma, farfaɗiya da ciwon daji. A riƙe wannan jeri, don a cikinsa labarin yake.

Ba shi ne farau ba. A shekarun 1930 an yi yayin wani jan ruwa da ake kira mchape, wanda ya taso daga ƙasar da yanzu ake kira Malawi, samari na yawo da shi a kwalabe ƙauye-ƙauye har cikin Zambiya da Tanzaniya ta yau, ana sha don tsari daga maita. A 1995 kuma wani manomi a kudancin Malawi, Billy Goodson Chisupe, ya ce shi ma a mafarki aka ba shi maganin ƙanjamau, jama'a dubun dubata suka yi masa tsinke. Wannan na Chisupe ba ya buƙatar dogon bayani. A lokacin asibiti ba shi da abin da zai ba mai ƙanjamau sai haƙuri, don haka duk inda aka ce ga sauƙi dole a garzaya.

Abin da ke buƙatar bayani shi ne na 2011, domin a wannan karon akwai maganin ƙanjamau a asibiti, kuma kyauta ne. To me ya kai mutane daji?

Amsar tana cikin wani sauyi da ya faru shekaru kaɗan kafin nan, wanda aka yi ta murna da shi, kuma ya cancanci murnar, amma ba a tsaya an dubi ɗaya fuskarsa ba. Tun 1996 ake da haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar ƙanjamau a Turai da Amurka, sai dai kuɗin shekara guda ya haura dala 10,000. A 2001 wani kamfanin Indiya ya yi tayin sayar da irinsa a ƙasa da dala ɗaya a rana. A 2002 aka kafa asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, a 2003 Amurka ta ƙaddamar da nata shirin tallafin. Tanzaniya ta fara rabon maganin kyauta a 2004, Najeriya a 2006. Mutanen da aka riga aka fidda rai da su suka tashi, suka yi ƙiba, suka koma gona da kasuwa.

Amma fa tashin da sharaɗi ne. Maganin ba ya kashe cutar, kwantar da ita yake yi, kuma shansa har iyakar rai ne. Da haka aka sami wani sabon rukuni na jama'a da a da babu su da yawa: mutanen da ba su kwance, ba su kuma warke ba. Mu a al'adarmu ciwo hanya biyu gare shi, ko a warke a yi barka, ko a rasu a yi ta'aziyya. Wannan na ukun, na zama da cuta shekara da shekaru, ba a tanadar masa gaisuwa ba, ba a kuma tanadar masa gudummawa ba. Dangi kan yi karo-karo wa mai jinyar wata guda. Mai jinyar shekara goma shi kaɗai yake ɗaukar kayansa.

A duba yadda watan irin wannan mutum yake. Ranar karɓar magani zai yi asubanci, ya biya kuɗin mota zuwa gari, sau da yawa ma ya wuce asibitin da ke kusa da shi ya tafi na nesa don kada ya haɗu da idon sani. Ya zauna a benci da katinsa har azahar, ranar aiki ta tafi. In ya dawo ya juye ƙwayoyin a wata roba da ba ta da rubutu, ya cusa ƙarƙashin kaya. Maganin na son ciki da abinci, a gidan da ba kullum ake ɗora tukunya sau uku ba. Idan mace ce, wataƙila mijin bai sani ba; idan saurayi ne, ga maganar aure na tahowa. Duk wannan ana ce masa kyauta, kuma gaskiya ne ba a karɓi ko sisi a kan ƙwayar ba.

Mai ciwon suga da mai hawan jini kuwa ko wannan kyautar ba su samu ba. Tallafin da ya shigo na cututtuka uku ne, kuma ba laifi ba ne a fara da abin da ya fi kisa a lokacin. Sai dai a daidai shekarun nan ne suga da hawan jini suka yi ta yaɗuwa a birni da ƙauye, magungunansu kuma daga aljihu. Mai allurar insulin a garin da ba wuta, a cikin tulun ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi yake adana kwalbarsa don kada zafi ya lalata ta. Kowane gwajin jini da kuɗinsa. Likita ya hana shi tuwon da ya tashi da shi, ya kuma gaya masa gaskiya cewa ba ranar gamawa. Wanda ya shekara bakwai a haka, in aka ce masa ga kofi ɗaya, sau ɗaya, shilin 500, ba sai ya zama jahili ba kafin ya yi lissafi. Ko da ya san da wuya abin ya yi, kuɗin tafiya ɗaya yake aunawa da kuɗin sauran rayuwarsa. Shi ya sa a layin Samunge aka ga malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikata, Kirista da Musulmi, mutanen da suka san hanyar asibiti sarai. Kuma, abin da ake yawan mantawa, maganin asibitin ne ya ba da yawansu ƙarfin da za su jure tafiyar kwanaki.

Sai kuma dalilin da ya sa abin ya zama tafiya, bai tsaya a saye da sayarwa ba. Bishiyar da ake dafawa, wadda can suke kira mugariga, ba baƙuwa ba ce. Ita ce cizaƙi, ƙaramar bishiyar nan mai ƙaya da ke fitowa a dazukanmu, masu maganin gargajiya a sassan Afirka da dama sun daɗe suna amfani da saiwarta. Da saiwar ce kawai abin nema, da an cika kasuwannin birnin Arusha na Tanzaniya da Nairobi da ita cikin mako guda, kowa ya dafa a gidansa. Amma imanin tsohon da na masu zuwa shi ne albarkar tana ga hannun da ya ɗebo, don haka sai an zo an sha a wurin. Mu da muka saba da aike mun san bambancin. A nan ɗa kan je wa mahaifiyarsa wurin malam, ya dawo da rubutu a gora ko laya a aljihu, mai jinya na kwance a ɗakinta. A Samunge babu aike. Sai aka riƙa ɗauko marasa lafiya daga gadon asibiti, wasu a cire musu ƙarin ruwa, a kwantar da su a bayan mota.

Hanyar kuma ba ta wasa ba ce. Daga Arusha ɗaruruwan kilomita ne, yawancinsu burji da duwatsu, ta gefen tafkin Natron da gindin dutsen Ol Doinyo Lengai mai aman wuta, ga shi damina ta kama a watan Maris, rafuka na cika suna tsare motoci. Wayar hannu ta riga ta shiga ko'ina, hanyar tura kuɗi ta M-Pesa ta fara a Kenya tun 2007, a Tanzaniya 2008. Shaidar wanda ya ce ya ji sauƙi kan isa garinsu kafin shi ya isa, ɗan'uwa da ke birni kuma kan turo kuɗin mota nan take. Labarin wanda ya rasu a hanya, ko wanda ciwonsa ya dawo bayan wata uku, shi ba ya gudu haka, don ba mai son yaɗa shi. Gwajin farko da aka yi wa ruwan ya nuna ba ya cutarwa a adadin da ake sha. Bai ce yana warkarwa ba, amma kafin maganar ta kai ƙarshen layi ta zama "likitoci ma sun tabbatar."

Kofin shi ne abu mafi araha a duk tafiyar. Kuɗin mota ya ninka, motocin da ke kai masu yawon buɗe ido kallon namun daji suka koma jigilar majinyata. A cikin ƙauyen ruwan sha ya zama haja, haka abinci, haka wurin shimfiɗa tabarma, haka ban-ɗaki. Samari suka ajiye fartanya suka kama ɗaukar tire na kofuna zuwa tagogin motoci. 'Yan kasuwa daga nesa suka kafa rumfuna, aka fara gina masaukai, aka kafa ƙarfen sabis a wurin da a da ba a samun waya. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan. Kowa ya ga dama ce ya kama, amma da zarar abincin mutum dubu ya rataya a kan layi, to an sami baki dubu da ba za su ce wa baƙo ya koma gida ba.

Zuwa ƙarshen Maris rahotanni sun ce mutum fiye da 50 sun rasu a hanya ko a kan layi. Tsohon da kansa ya roƙi a dakatar da zuwa na 'yan kwanaki don a rage cunkoso. Aka kafa wuraren rajistar motoci a kan hanya. A wasu garuruwan kamar Tabora da Mbeya wasu masu kofin suka ɓullo, kowa da nasa mafarkin. Daga nan abin ya fara lafawa, ba da wata sanarwa ba, sai don waɗanda suka sha sun koma gwaji sun tarar da abin da suka bari. Wani bincike da aka yi a yankin Kilimanjaro kan masu shan maganin ƙanjamau ya gano cewa waɗanda suka je Samunge sun yi sako-sako da shan ƙwayoyinsu bayan dawowa, kuma ga wannan cuta, tsallake magani na iya sa ƙwayar cutar ta daina jin sa.

Ƙauyen ya ci ribar waya da sanin duniya, ya kuma gaji ɗakunan haya da ba mai kwana, da mutanen da suka zuba jarinsu a gini suna jiran layin ya dawo. Mwasapile ya ci gaba da zama a can, masu zuwa ɗai-ɗai, har ya rasu a watan Yulin 2021.

Rukunin mutanen da suka cika wancan layi kuwa ƙaruwa yake yi. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma adadin zai kai miliyan 55 nan da 2045. A mafi yawan ƙasashen har yanzu daga aljihu ake sayen maganin. Wanda ya ɗan tsaya a kemis ɗin unguwa a Kano ko Maraɗi da yamma zai ga dattijo ya miƙa takardar likita ta wata guda, ya tambayi farashi, ya yi shiru, sannan ya ce a ba shi na kwana uku tukuna.